Wa Yake da Ikon Fassara Nassi? Tarihin Amsar Ikkilisiyar Katolika

Tambayar da ta kawo mu

A wani kwas na lokacin rani da muka yi da masu bishara da dattawa na ƙasar Gumel, wani ɗalibinmu mai kiwon ƙaramar ikkilisiya a wajen Sule Tankarkar ya kawo mana damuwarsa. 'Yar wani dattijonsu ce za ta auri wani saurayi ɗan Katolika, malamin makaranta. Da aka zauna maganar aure, dattijon ya tambayi saurayin inda aka rubuta cewa a yi wa matattu addu'a. Saurayin ya buɗe nasa Littafi Mai Tsarki, ya nuna masa 2 Makabiyawa sura 12. Dattijon ya laluba nasa daga Farawa har Wahayi, bai sami littafi mai wannan suna ba. Sai saurayin ya yi tasa tambayar cikin ladabi: "Baba, wace aya ce ta ce littattafan 66 ne? In kuma fastoci biyu suka saɓa a kan aya ɗaya, wa zai raba gardama?" Aka juyo wurin mai bishara, shi kuwa ba shi da amsa.

Ba shi kaɗai ne wannan ya taɓa samu ba. Mu masu bi a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ba mu da yawa. Muna haɗuwa da 'yan Katolika a jana'iza da biki da taron ƙungiyar CAN, 'ya'yanmu suna auren juna, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna tambayarmu abin da ya sa littafinmu ya zama iri biyu. Mai hidimar da bai san ainihin koyarwar Katolika ba, ko dai ya yi musu ƙage, ko kuwa a ƙure shi a gaban garkensa. A wannan darasi za mu bi tarihin amsar da suke bayarwa, mu ga inda ta samo asali da yadda ta girma har ta iso ƙasarmu. Ruwa ba ya tsami banza. Za mu tarar cewa kowane mataki na tarihin nan ƙoƙari ne na tare wani hatsari na gaske, kuma hatsarin yana nan a bakin ƙofarmu har yau, ko da yake ba mu yarda da maganinsu ba.

Abin da suke koyarwa, a taƙaice

Ikkilisiyar Katolika tana riƙe da abubuwa uku tare. Na fari shi ne Nassi, wanda suka gaskata hurarre ne daga Allah. Na biyu shi ne Al'ada. Kada kalmar ta ruɗe mu, domin ba al'adar gargajiya suke nufi ba. Suna nufin koyarwar da manzanni suka miƙa ta wurin wa'azi da sujada da zaman ikkilisiya, wadda aka yi ta miƙawa hannu da hannu. Na uku shi ne ikon koyarwa, wanda yake hannun bishop-bishop muddin suna cikin zumunci da bishop na Roma, wato Fafaroma. A ganinsu kowane mai bi yana iya karanta Nassi ya amfana, amma yanke hukunci na ƙarshe a kan ma'anarsa aikin masu ikon koyarwa ne kaɗai.

Matakan naɗi a wurinsu uku ne: bishop, da firist wanda jama'a suke kira fada, da dikon. Fafaroma bishop ne, babban bishop da kadinal kuma muƙamai ne, ba wani naɗi na huɗu ba. Katikis, wanda yake ɗauke da yawancin aikin ƙauye, ba naɗaɗɗe ba ne. Ɗalibanmu sukan kwatanta tsarin da sarauta: Fafaroma shi ne sarki, bishop hakimi, fada dagaci, katikis mai unguwa. Misalin yana da amfani, amma yana da gyara. Hakimi wakilin sarki ne, ikonsa aro ne. Su kuwa suna koyar da cewa bishop magajin manzanni ne, ikonsa daga naɗinsa yake, sai dai ba ya aiki da shi a ware da Fafaroma. Ayoyin da suka fi dogara da su su ne Matiyu 16:13-19, da Luka 22:31-32, da Yahaya 21:15-17, da 2 Tasalonikawa 2:15, da 1 Timoti 3:15. Ku karanta su kafin ku ci gaba.

Yadda bishop ya zama mai tsaron koyarwa

A Sabon Alkawari, kalmar dattijo da kalmar mai kula, wadda daga cikinta ne aka sami "bishop", suna nuna mutum ɗaya ne. Ku gwada Ayyukan Manzanni 20:17 da aya ta 28, da kuma Titus 1:5-7. Jerom ma, babban malamin da Katolika suke girmamawa, ya rubuta cewa da fari dattawa ne suke mulkin ikkilisiya tare, sai da tsattsaguwa ta taso aka ɗaukaka ɗaya bisa sauran.

Wajen shekara ta 96 ikkilisiyar Koranti ta tuɓe waɗansu dattawanta. Ikkilisiyar Roma ta aika musu da wasiƙar da aka sani da sunan Kilemen, tana tuna musu cewa manzanni ne suka naɗa shugabanni, suka kuma shirya yadda waɗansu za su gaje su. Wajen shekara ta 110 Ignatiyus na Antakiya, a kan hanyarsa ta zuwa Roma inda za a kashe shi, ya rubuta wasiƙu yana roƙon masu bi su manne wa bishop ɗaya da dattawansa da dikononinsa. A wasiƙarsa zuwa Simirna ne aka fara samun kalmar "katolika" a rubuce game da ikkilisiya, ma'anarta kuwa ta ko'ina da ko'ina.

Abin da ya ƙarfafa wannan tsari shi ne malaman ƙarya. A ƙarni na 2 waɗansu masu da'awar asirtaccen sani sun riƙa ɗaukar ayoyi suna juya su, suna cewa Yesu ya ba manzanni koyarwa ta ɓoye wadda su kaɗai suka gada. Wajen shekara ta 180 Iraniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya amsa musu da cewa in da akwai wani asiri, ai waɗanda manzanni suka danƙa wa ikkilisiyoyi ne za su fara saninsa. Sai ya jera sunayen bishop-bishop na Roma ɗaya bayan ɗaya tun daga manzanni, don ya nuna cewa koyarwar a fili take. Wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga mutumin ƙasar Hausa. In baƙon malami ya sauka gari ya fara wa'azi, abin da ake fara tambaya shi ne, a wurin wa ya yi karatu?

A Afirka ta Arewa, Tartuliyan na Kartaj ya kai maganar gaba wajen shekara ta 200. Ya ce kada ma a yi muhawara da 'yan bidi'a a kan ayoyi, gama Nassi kayan ikkilisiya ne, ba nasu ba. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya rubuta a 251 cewa ɗayantakar ikkilisiya tana rataye ga ɗayantakar bishop-bishop. Amma shi wannan Sifiriyan ya yi jayayya mai zafi da Istifanus bishop na Roma a 255 da 256 a kan baftismar da 'yan bidi'a suka yi, bai kuwa janye ba har aka kashe shi saboda bangaskiya a 258. Ke nan a zamaninsa girmama Roma bai kai ga cewa maganar Roma ita ce ta ƙarshe ba.

Yadda Roma ta sha gaba

Roma ce babban birnin daula, a can ne kuma aka kashe Bitrus da Bulus bisa ga shaidar magabata. Saboda haka kujerarta ta sami daraja tun da wuri. Duk da haka manyan gardandami majalisu ne suka yanke su. Majalisar Nikiya ta 325 ta tabbatar da allahntakar Almasihu, ta kuma ambaci Iskandariya da Roma da Antakiya a matsayin kujeru masu iko a yankunansu. A 367 Atanasiyus na Iskandariya ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda muke da su yau. Majalisun Afirka a Hippo cikin 393 da Kartaj cikin 397 sun amince da su, amma a Tsohon Alkawari sun haɗa da littattafan da muke kira Afokirifa. Jerom, wanda Damasus bishop na Roma ya sa shi aikin gyaran Littafi Mai Tsarki na Latin wajen 382, ya fi son a tsaya ga littattafan da Yahudawa suke da su da Ibrananci. Saɓanin 66 da 73 ya samo tushe tun daga nan.

Agustin na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, kowane ɓangare yana jansa. Ya taɓa cewa ikon ikkilisiya ne ya motsa shi ya gaskata bishara. Amma a ƙarshen rayuwarsa, da ya koma kan dutsen da aka ambata a Matiyu 16, ya ce a wani wuri ya fassara shi da Bitrus, a wurare da yawa kuma da Almasihu, ya bar mai karatu ya zaɓa.

Liyo na ɗaya ne ya shimfiɗa koyarwar cewa bishop na Roma magajin Bitrus ne mai kula da dukan ikkilisiya. Majalisar Kalsidon ta 451 ta karɓi wasiƙarsa a kan Almasihu da farin ciki, amma ta kuma ɗaukaka kujerar Kustantiniya, abin da Liyo ya ƙi. Gabas da Yamma suka yi ta nisa da juna, har a 1054 wakilansu suka fitar da juna daga zumunci. Ikkilisiyoyin Gabas suna da bishop-bishop da Al'ada har yau, amma ba su yarda da ikon Fafaroma a kansu ba.

A Yamma ikon ya yi ta hauhawa. Giregori na 7 a 1075 ya yi da'awar ikon tuɓe sarakuna. Bonifes na 8 a 1302 ya ce biyayya ga Fafaroma wajibi ce domin ceto. Sai ga shi daga 1378 zuwa 1417 mutum biyu, daga baya uku, kowa yana cewa shi ne Fafaroma. Majalisar Konstans ce ta warware rikicin, bayan ta shelanta a 1415 cewa ikonta daga Almasihu yake kai tsaye, kowa kuma sai ya bi ta, har Fafaroma. Ita ce kuma ta sa aka ƙone Yan Hus a wannan shekara. Fafaroman da suka biyo baya sun yi watsi da ra'ayin fifikon majalisa.

Luther da Majalisar Tarent

Wajen 1455 injin ɗab'i na Gutenberg ya fito da Littafi Mai Tsarki, littafi ya fara araha. Martin Luther ya fara da maganar sayar da takardun gafara a 1517, amma ba da jimawa ba gardamar ta koma kan iko. A muhawarar Leipzig ta 1519 Yohan Eck ya matsa masa har ya furta cewa majalisa ma tana iya kuskure. A Worms cikin 1521 ya ƙi janye koyarwarsa sai an nuna masa kuskurensa daga Nassi ko hujja bayyananniya. A 1522 ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci.

Abokan hamayyarsa sun yi gargaɗi cewa in aka bar kowa da fassararsa, ikkilisiya za ta farfashe. Ba a daɗe ba aka ga alama. A Marburg cikin 1529 Luther da Zwingli sun zauna da Nassi ɗaya a gabansu, suka tashi ba su daidaita a kan ma'anar Jibin Ubangiji ba.

Amsar Katolika ta zo a Majalisar Tarent, wadda ta yi zama daga 1545 zuwa 1563. A ranar 8 ga Afrilu 1546 ta zartar da abubuwa huɗu da suka shafe mu. Ta ce gaskiyar bishara tana cikin rubutattun littattafai da kuma al'adun manzanni da ba a rubuta ba. Ta jera littattafan Nassi har da Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu. Ta ɗauki juyin Latin a matsayin abin dogara wajen koyarwa da muhawara. Ta kuma hana kowa fassara Nassi a kan bangaskiya da ɗabi'a saɓanin ma'anar da ikkilisiya take riƙe da ita, ko saɓanin abin da iyayen ikkilisiya suka haɗu a kai. Dokokin da suka fito a 1564 sun ce mai son karanta Littafi Mai Tsarki da harshensa sai ya nemi izini. An sassauta wannan a 1757. A nan ne maganar da muke ji cewa an hana 'yan Katolika karatun Littafi Mai Tsarki ta samo asali. Tana da tushe a tarihi, amma wanda ya faɗe ta a kan Katolika na yau ya yi shaidar zur.

Daga 1870 zuwa 1965

A ƙarni na 19 juyin mulki da sabon ilimi mai shakkar Littafi Mai Tsarki sun girgiza Turai. Cikin wannan hali Majalisar Batikan ta Ɗaya ta zartar a ranar 18 ga Yuli 1870 cewa Fafaroma yana da iko kai tsaye a kan dukan ikkilisiya, kuma an tsare shi daga kuskure a wani yanayi na musamman. Ƙuri'a 533 ta amince, 2 ta ƙi, bishop-bishop da dama masu adawa kuwa sun bar Roma kafin ranar. Sai mu lura da sharuɗɗan. Dole ya yi magana a matsayin makiyayin dukan masu bi, a kan bangaskiya ko ɗabi'a, da niyyar ɗaure dukan ikkilisiya. Koyarwar ba ta ce ba ya zunubi ba, ba ta kuma ce kowace huɗubarsa ba ta da kuskure ba. Tun daga 1870, misalin da kowa ya yarda an yi aiki da wannan iko shi ne na 1950, sa'ad da Fiyus na 12 ya shelanta cewa an ɗauke Maryamu zuwa sama da jiki da rai. Babu ayar da ta ba da wannan labari, shi ya sa misalin yake nuna ainihin inda muka rabu.

A lokaci guda kuma ƙofar nazarin Nassi ta riƙa buɗewa. A 1943 Fiyus na 12 ya umarci malamansu su yi aiki da Ibrananci da Helenanci, ya kuma ce ayoyi kaɗan ne ikkilisiya ta yanke ma'anarsu. Majalisar Batikan ta Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ta buɗe hanyar yin sujada da harsunan jama'a, ta jaddada cewa bishop-bishop ƙungiya ce tare da Fafaroma. Francis Arinze na Nijeriya ya halarci zamanta na ƙarshe yana sabon bishop mai shekara 32. Takardarta mai suna Dei Verbum, ta 18 ga Nuwamba 1965, ta ce masu ikon koyarwa bayin Maganar Allah ne, ba iyayengijinta ba. Ta gargaɗi dukan masu bi su riƙa karanta Nassi, ta kuma yarda a yi aikin juyi tare da sauran Kirista. Amma ba ta janye komai daga Tarent ko 1870 ba. Hukunci na ƙarshe yana inda yake.

Yadda tsarin ya iso ƙasar Hausa

A 1622 Roma ta kafa ofishin yaɗa bangaskiya mai kula da aikin mishan. Ta hannunsa ne waɗansu fada biyu na ƙungiyar Faransiskan, Karlo Mariya na Jenowa da abokinsa Seberino, suka taso daga Tarabulus a 1710 saboda labarin da aka ji cewa akwai Kirista a wajen Borno da Kwararrafa. Sun ratsa Fezzan da Agadas, suka isa Katsina, a can ciwo ya kashe su cikin 1711. Ba su bar ikkilisiya ba. Abin lura a nan shi ne, da takardar izini daga Roma suka zo, domin a tsarinsu ba mai aiken kansa.

Aikin da ya zauna ya fara da fadan ƙungiyar SMA, waɗanda suka isa Lakwaja a 1884, suka kafa tasha a Shendam a 1907. Gwamnatin Turawa ta taƙaita aikin mishan a masarautu, saboda haka a ƙasar Kano hidimarsu ta fi yawa cikin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo. Layin dogo ya kai Kano a 1911, reshen Nguru da ya ratsa ta Gagarawa kuma ya kammala a 1930. Kaduna ta zama dayosis a 1953, ta zama mazaunin babban bishop a 1959. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka yanke Kano daga Kaduna a matsayin yankin mishan mai zaman kansa, ta kuma zama cikakkiyar dayosis a 1999, ta haɗa jihohin Kano da Jigawa. Bishop ɗinta na fari Patrick Sheehan ne, mutumin Ailan, John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. A 2023 aka kafa dayosis ta Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe na fari da ya zama bishop a Katolika.

Maigatari wuri ne mai kyau na ganin yadda tsarin yake aiki. Ɗan Katolika na cikin garin yana ƙarƙashin bishop na Kano, wadda take lardin Kaduna. Ɗan'uwansa da ke ƙetaren iyaka ta wajen Damagaram yana ƙarƙashin bishop na Maraɗi, dayosis da aka kafa a 2001, wadda take lardin Yamai. Ƙasa biyu ce, harshen gwamnati biyu, amma kujerar Fafaroma ɗaya ce ta naɗa bishop-bishop ɗin, koyarwa ɗaya kuma ake bi. Wannan ne ƙarfin da suke alfahari da shi, bai kuwa kamata mu raina shi ba.

Namu tarihin ta wata ƙofa ya shigo. Schön ya fitar da Sabon Alkawari da Hausa a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aikin Dokta Walter Miller na Zariya tare da ma'aikatan waɗansu mishan da Hausawa masu bi. An fara sa littafi a hannun mutum, tsarin mulkin ikkilisiya ya biyo baya. Juyin 1979 kuwa yana da bugu mai ɗauke da Afokirifa, irin wanda saurayin nan ya buɗe wa dattijo.

Inda muka tsaya

Mun yarda da su cewa ikkilisiya tana da aikin koyarwa, mai karatu kuma yana bukatar mai bishe shi, kamar mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni 8. Inda muka rabu shi ne, ba mu ga inda Nassi ya yi wa wata kujera alkawarin tsira daga kuskure ba. Bulus ya tsauta wa Bitrus a fili a Antakiya (Galatiyawa 2:11-14). A taron Urushalima Bitrus ya ba da shaida, Yakubu ya kawo Nassi ya ba da shawarar da aka bi, wasiƙar kuma ta fita da sunan manzanni da dattawa (Ayyukan Manzanni 15). An yabi mutanen Biriya don sun gwada wa'azin manzo da Nassi (17:11). Yesu ya nuna cewa al'adar shugabanni tana iya shafe umarnin Allah (Markus 7:1-13). Tarihi ma yana da tasa shaidar: majalisar Kustantiniya ta 680 zuwa 681 ta hukunta Honoriyus, wani Fafaroma da ya riga ya rasu, a kan koyarwa. Malaman Katolika suna amsawa cewa bai yi magana da niyyar ɗaure ikkilisiya ba. Ya kamata mu san amsar tasu, ko da ba ta gamsar da mu ba.

Game da jerin littattafai, sai mu amsa wa saurayin nan da gaskiya: babu ayar da ta lissafa su, ta hannun ikkilisiya muka karɓe su. Amma ganewa dabam, bayarwa dabam. Dillalin da ya buɗe bakin sa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya faɗi shekarunsa, ba shi ya ba san shekarun ba. Ikkilisiya ta gane muryar manzanni a littattafan nan, ta miƙa kai gare su. A Tsohon Alkawari mun tsaya ga 39 ɗin da suka yi daidai da littattafan Yahudawa na Ibrananci, kamar yadda Jerom ya so. Sai mu kuma yarda cewa majalisun Hippo da Kartaj sun ga dabam.

Tambayarsa ta biyu ita ce ta fi nauyi a kanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masu Gyaran Ikkilisiya ba su koyar da cewa kowa ya ɗauki littafi ya shiga ɗaki ya fito da addininsa ba. Sun riƙe shaidar Nikiya da Kalsidon. Ƙa'idodi 39 na Angilika na 1571 da Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646 duka sun ba ikkilisiya da majalisunta ikon yanke gardamar koyarwa, suka kuma ce majalisa tana iya kuskure, Nassi ne zai gyara ta. Mu kuwa yau muna da masu wa'azin da in suka ce Ruhu ya nuna musu, dattijo ba ya iya tambaya, majalisar gunduma ba ta iya kira. In aka tsauta musu sai su ɗebi rabin jama'a su buɗe sabon wuri. Ikon da Fafaroma ya yi aiki da shi sau ɗaya tun 1870, waɗansunmu suna aiki da shi kowace Lahadi. A garin da masu bi duka ba su cika ɗakin sujada ɗaya ba, irin wannan rabuwa tana iya kashe shaidar bishara na tsawon tsara guda.

Saboda haka muna roƙonku abubuwa huɗu. Ku faɗi koyarwar Katolika yadda ɗan Katolika mai ilimi zai ji ya ce, haka take. Ku koya wa jama'arku karanta aya cikin surarta, sura kuma cikin dukan Littafi. In kun ga wata ma'ana da ba wanda ya taɓa gani cikin shekara dubu biyu, ku kai ta gaban 'yan'uwa masu hidima kafin ku hau da ita bagade (1 Korantiyawa 14:29). Ku kuma bar ƙofa a buɗe ga dattijo ko macen zumunta da za ta zo da Littafi a hannu ta ce, Fasto, ban ga haka a nan ba. Bitrus da kansa ya kira kansa dattijo cikin dattawa, ya hana makiyaya nuna wa garke sarauta (1 Bitrus 5:1-4).

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane hatsari ne Iraniyus ya so ya tare? Da wace kama yake zuwa ikkilisiyarku yau?

2. Ku bayyana sharuɗɗan koyarwar 1870 da kalmominku, yadda za ku faɗa wa dattijon da bai yi makaranta ba.

3. In da ku ne mai bisharar nan, me za ku ce wa dattijon, me kuma za ku ce wa saurayin?

4. A ikkilisiyarku, wa yake da ikon ce wa fasto ya yi kuskure a wa'azi? Yaushe aka yi haka na ƙarshe, yaya kuma aka ƙare?